Hannun Mu'allim Tanko a Cikin Dogo

Jikana Majid ya dawo daga aikin hajji bara, fuska duk ta ƙone, bai ko cire takalmi ba ya hau ba ni labarin jirgin nan da aka ɗora a kan ginshiƙai tsakanin Arfa da Muzdalifa. "Jaddi, Kakana," in ji shi da Hausarsa mai ɗingishi, "kitar ɗin a fok yake tafiya, a sama, mutane suna ƙasa!" Na ce masa to, barka, mu ma mun yi namu dogon a sama tun ubanka bai zo duniya ba, sai dai namu ruwa yake ɗauka, ba alhazai ba. Ya yi dariya, ya ɗauka zolaya ce irin ta tsofaffi. Shi ne kuma ranar da famfon tsakar gida ya fara ɗiga ya ce mini kada in damu, aikin ruwa ai ba wani abu ba ne, a kira mai gyara ya ɗaure. Tun ranar nake cewa sai na zauna na faɗa muku, ku 'ya'yan famfo, yadda ruwa yake zuwa mana a shekarun tamanin na Hijira, sittin ɗin Nasara ke nan, da irin mutanen da suke rako shi.

Ruwan daga duwatsun bayan Arfa yake tasowa, cikin magudanar dutse da mutanen Makka suke kira dabal. Yawancinta a binne take. Amma reshen da yake zuwa unguwarmu, can gefen Zahir, sai ya ƙetare wani kwari kafin ya kai bazan, wato babbar ma'ajiyar da 'yan ga-ruwa suke ɗiba. To ruwa in ya gangara ba ya hawa. Shi ya sa magabata suka ɗaga magudanar a kan bango, a tsakiya ya kai tsawon mutum uku, suka bar ƙofofi a ƙasa don ambaliya ta samu hanya, suka rufe saman da faffaɗan duwatsu. Maigidana Mu'allim Tanko shi ya raɗa masa suna. A hanyarsa ta zuwa daga Kano ya tsaya Sudan ya yi aikin shimfiɗa ƙarfen jirgi, can ma ya baro ɗan ƙaramin yatsansa na dama. Da ya iso ya ga bangon ya miƙe sambal daga tudu zuwa tudu, sai ya ce ga layin dogo an rataye a sama. Sunan ya bi shi. Har Larabawan unguwa Dogo suke cewa.

Ƙofofin nan kowace da sunanta. Akwai Ƙofar Wanzami, akwai ta Mai Shayi, akwai wadda iyayenmu mata suke zama da ƙosai da fura, sai Ƙofar Awaki can ƙarshe, a gindin dutse, inda makiyaya suke fakewa. Baƙo in ya tambayi gidan wani, ce masa ake yi ya bi Dogo, in ya ji ƙamshin tsire ya yi hagu. Da azahar, lokacin da duwatsun Makka suke huci kamar tanda, in ka jingina da bangon sai ka ji sanyi yana ratsa rigarka. In ka yi shiru kuma za ka ji ruwan yana wucewa ta saman kanka, ƙasa-ƙasa, kamar mai lazimi a ɗakin maƙwabci. Ni dama ba mai yawo ba ne, Jidda ma sai ta kama dole. Duniyata daga wannan bakin Dogo ce zuwa wancan.

Aikin farko da aka sa ni shi ne kashe nura. Nura ita ce farar ƙasar da ake toyawa daga dutse, da ita muke shafe cikin dabal. Lokacin ubana ya rasu, ina saurayi ba sana'a. Inna Delu, matar Mu'allim, wadda ta yi tafiyar hanyar Cadi tare da uwata, ta ja ni har gabansa ta ce, "Malam, ga Ilu nan, ka san yadda za ka yi da shi." Ba ta taɓa kama sunansa ba. Su biyu ne tak a gidansu, 'ya'yan da suka haifa duk an binne su a hanya. Ya dube ni sama da ƙasa, ya nuna mini rami cike da toyayyen dutse, ya ce in ba shi ruwa. Na kinkimo garwa na juye gaba ɗaya. Wallahi sai ramin ya tashi yana tafasa yana tofi, na yi baya na faɗi zaune. Bala, Bazazzagen da ya riga ni shiga aikin, ya riƙe ciki.

"Bakano ya ga fari ya ɗauka nono ne! A kawo masa ludayi!"

Mu'allim bai yi dariya ba. Ya ce, "Nura baƙuwa ce mai zuciya, ya walad, yarona. Kaɗan-kaɗan ake ba ta ruwa, ana jira ta huce."

In ta huce a bar ta ta kwana biyu a ramin, a tankaɗe, a haɗa ta da yashin kwari da tokar da muke bi muna karɓa wajen masu gasa burodin tamis. Sai duka. Da itace ake dukanta, ana juyawa, har sai ka ɗebo da cokalin gini ka kife shi ba ta faɗo ba. Kayan aikinmu ba su da yawa: cokali, guduma, izmil na sassaƙa dutse, kwandon kaba da ake kira zambil, igiya, fitila, sai dutsen guga. Wannan na ƙarshen shi ne mai cin rai. In ka shafa nura, sai ka bi ta da santsin dutse kana gogewa, a durƙushe, kafaɗunka suna taɓa bango biyu, har ta yi sheƙi ta daina shan ruwa. Mai gaggawa a nan ake gane shi. Hannu kuwa nura take ci. Duk wanda ya yi sana'armu ba ya iya tsinko allura daga ƙasa.

Wata ranar Asabar aka ce ruwa ya ragu a bazan, kuma bango bai nuna jiƙa ko'ina ba. A al'ada, in dabal ta fashe ita take tona kanta: ka ga koren layi a jikin dutse, ko zanzaro sun taru, ko akuya ta tsaya tana lasar bango. Ranar babu ko ɗaya. Mu'allim ya hau da ni sama, ya ce in kwanta in ɗora kunne a kan marfi. Na ce ina jin ruwa. Ya ce ko jaki ya ji wannan, me ruwan yake cewa? Muka riƙa matsawa daga marfi zuwa marfi, rana tana gasa mana baya. Ruwa mai lafiya murya ɗaya gare shi. In laka ta taru, muryar sai ta yi kauri kamar mai mura. In akwai tsaga kuwa, za ka ji wani siririn tsotso a ƙarƙashin muryar, kamar jariri ya kama nono. A saman Ƙofar Wanzami na ji shi. Na ɗaga kai, Mu'allim ya kwanta ya saurara, ya tashi ya kaɗe rigarsa ya sauka. Da yamma Inna Delu ta aiko mini da tuwo da ƙafar kaza, ta ce Malam ne ya ce a kai wa mai kunne. Ashe ruwan cikin bango yake bi yana sauka ƙasa.

Tsaga ɗaya ce bai taɓa yarda a toshe ba, ta Ƙofar Awaki. Ɗigo-ɗigo take yi cikin wani kwami, awaki da tattabaru da kyanwoyin unguwa suna sha. Ya ce wannan rabonsu ne, wanda ya aiko ruwan bai ce mutane kaɗai ba.

Kafin a yi faci sai an tare ruwan daga sama da katako da buhunan yashi, kuma a nan muke haɗuwa da masu mu. Ba mu da wasu abokan hulɗa da suka wuce 'yan ga-ruwa, sakka ake ce musu, masu garwa biyu a sanda da masu salka a baya. Ruwa yana tsayawa abincinsu ya tsaya. Babbansu Ammi Salihu ne, Bayamane, gajere, kafaɗarsa ta yi kanta kamar gwiwar raƙumi. Yakan zo ya tsaya a gindin bango ya ɗaga kai.

"Ya Tanko! Kwana kuka yi a ciki? Matar kadi ta ɗora tukunya, me zan ce mata?"

Mu'allim ya leƙo, fuska fari fat da nura. "Ka ce mata ta yi tayammum, ya ammi."

"Allah ya haɗa ka da ƙishi ranar da ba ni kusa!"

Kullum haka. Amma ana sakin ruwa, garwar farko da Ammi Salihu zai cika gidan Inna Delu take zuwa, kuma bai taɓa karɓar ko girshi a kanta ba.

Yanzu ga abin da ya sa na fara labarin nan. Cikin dabal duhu ne, babu mai duba aikinka sai ruwa. Saboda haka duk wanda ya yi faci a cikinmu, kafin nurar ta kama, sai ya shafa kitse a tafinsa ya danna hannunsa a gefe, daidai inda ruwa yake lasa. In facin ya ɓalle wata rana an san mai shi, a kira shi ya zo ya ga inda ya yi gaggawa, ya kuma sayi shayin kowa. Mu'allim ya ce ba shi ya ƙirƙiro ba, tararwa ya yi. Gaskiyarsa kuwa. In ka rarrafa ciki da fitila za ka ga hannuwa jere a bango, wasu sun kusa shafewa, wasu ƙanana kamar na mata, babu wanda ya san masu su. Bala in zai shiga har sallama yake yi musu. Na Mu'allim ba ya ɓata wa kowa, yatsu huɗu ne. Bala yakan ce shi Mu'allim rangwame aka yi masa, ko facinsa ya fashe rabin shayi zai saya. Bai taɓa saya ba.

Shekarar da ta ba mu wuya ita ce ta babban saili. Saili shi ne ambaliyar Makka: sama ta yi baƙi a kan duwatsu, kafin ka naɗe tabarma kwari ya cika. Ya zo da itatuwa da rufin bukkoki ya toshe ƙofofin, ruwa ya rasa hanya, ya ture ginshiƙin Ƙofar Awaki. Dabal ta karye biyu, sauran ta cike da laka. Ga hajji ya matso, alhazai sun fara sauka. Bazan ya bushe har yara suna wasa a ciki. Mata suna tafiya wata unguwa da tulu, sakka suna zaune a gindin bango, ko zagin ma sun daina. Aka ƙaro mana leburori, muka ta da ginshiƙin, muka riƙa kwashe laka da zambil ana miƙawa hannu da hannu. Nura ta yi tsada ta kuma yi wuya, kowa a gari gyara yake yi. Da muka zo ɗinke inda ta karye, abin da ya rage mana bai isa ba. Mu'allim ya ce a ɗaure duwatsun da jar laka, nurar a ajiye ta don fuska kawai, in Allah ya kai mu bayan hajji a sake. Shi ya shiga da kansa ya yi shafen, a jiƙe tun safe, yana tari. Na ce ya fito in ƙarasa. Ya ce, "In ka ga na bar maka wannan, to ka zo da likkafani." Dutse na ƙarshe faffaɗa ne, kamar faifai. Ya shafe shi, ya goge, ya miƙo hannu na zuba masa kitse, ya danna.

Ruwa ya iso bazan kafin ranar Arfa. Shi kuwa tarin bai sake shi ba. Alhazai ba su gama watsewa ba muka kai shi makwancinsa. Kun san yadda kabarin Makka yake, ba suna, ba alama, kuma mata ba sa shiga. Tufafinsa aka yi sadaka da su, kayan aiki suka dawo hannuna. Hoto bai taɓa ɗauka ba. Gyaran da ya ce za a sake bayan hajji, ba a sake ba, kuma facin bai ɗiga ba.

Muka ci gaba ni da Bala 'yan shekaru. Inna Delu ta yi mini aure, ta dawo ɗakin da ke jikin namu. Ana nan sai aka fara haƙa titi ana binne bututun ƙarfe, aka kafa famfo a bakin kowane lungu. Ba zan yi muku ƙarya ba, mata sun huta, yara sun daina ciwon ciki. Amma ranar da aka tare ruwan Dogo tarewar ƙarshe, unguwa ta yi wani irin shiru. Mai shayi ya ce ji yake kamar an cire masa wani abu a kunne. Ba a jima ba labari ya zo cewa za a rushe bangon a fitar da titi, motocin alhazai sun yi yawa. Aka fara da kwashe duwatsun marfi, dabal ta kwana a buɗe karon farko. Samari suka riƙa hawa suna kallon hannuwa.

Ina cin tuwo Inna Delu ta zo ta zauna a bakin tabarma. Lokacin idonta ya yi hazo, da lalube take gane abu.

"Ilu, yara suna cewa wai an ga hannuwan mutane a saman Dogo."

Na ce haka ne, Inna.

"Da na Malam?"

Na ce nasa ya fi na kowa yawa.

Ta murza bakin zanenta. "Yakan ce mini ya bar hannunsa a wurin aiki, ni ina ɗauka zancensa ne. Ni dai ba zan iya hawa ba." Tunda nake da ita ba ta taɓa roƙona komai ba, ko wannan ma ba ta roƙa ba.

Limamin masallacin lungunmu ya ji, ya zo har gida. Mutumin kirki ne, tsoro yake ji kada a ce muna neman tabarruki da dutse. Inna ta saurare shi daga bayan labule har ya gama, sannan ta ce, "Allah gafarta malam, ni ba roƙonsa zan yi ba. Da ransa ma in na roƙe shi kuɗin cefane sai ya ce in jira bayan hajji." Liman ya yi dariya har da tari, ya ce a dai yi a hankali.

Washegari muka hau da izmil, ni da Bala. Katafila ta riga ta fara daga ɓangaren bazan, tana cin ƙofa bayan ƙofa. Ni na ɗauka aikin sha yanzu ne, hannun Mu'allim ga su nan birjik. Na zaɓi wani mai kyau a saman Ƙofar Mai Shayi, na sa izmil a gefe, na ɗan taɓa da guduma. Sai ya zube kamar garin tuwo. Nurar da ta shekara da shekaru a cikin ruwa, rana ta same ta tsirara, duk ta yi tsaga irin ta gashi. Na gwada na biyu, haka. Bala ya karɓa ya ce Bakano ba ya iya lallashi, nasa ya rabe gida uku. Muka bi dabal muna ɓarna da hannunmu, har na ce mu tsaya. Saura guda, na Ƙofar Awaki, wanda ya danna a shekarar saili. Dutse ya yi masa inuwa, ga sauran laka mai damshi a ƙasa, bai tsage ba. Wannan ba za a ɓamɓare shi ba, sai dai a ciro dutsen ɗungurungum. Na tuna cewa da jar laka muka ɗaure shi. In ta sha ruwa za ta saki. Amma ruwa mai yawa take so, ga mu a saman bango, a cikin magudanar da babu ko ɗigo.

Washegari da safe katafila ta wuce Ƙofar Wanzami. Bala ya sauka, na ɗauka famfo zai je da garwa ɗaya. Can sai na hango su tafe. Ammi Salihu ne a gaba, ya tsufa, sanda a kafaɗa, bayansa sakka shida ko bakwai, waɗanda famfo ya kashe wa sana'a. Sun ciro garewaninsu daga inda suka jingine, sun cika a sabon famfo, suna hawo tudu da ruwa zuwa Dogo. Mutane suka fito suna kallo. Ammi Salihu ya tsaya a gindin bango yana haki, ya ɗaga kai kamar yadda ya saba.

"Ya Ilu! Duk rayuwata Tanko yana hana ni ruwa, yau kuma ni zan kai masa? Sako igiya!"

Muka tare gaba da baya da buhunan yashi, muka riƙa janyo garwa muna juyewa, har ruwa ya rufe hannun. Na sa yatsu ina ƙwaƙule laka daga gefen dutsen, kaɗan-kaɗan, ba guduma. Ƙasa tana girgiza duk sanda katafila ta daki bango, ni kuma ina dafe da dutsen da tafina. Kafin azahar katafilar ta iso ƙofar da ke kusa da mu. Mai kula da aikin ya tako yana ɗaga hannu, wai mu sauka, ko zinariya muka binne? Bala ya ce masa hannun maigidanmu ne. Bai gane ba, ya ce ba ruwansa, shi an ba shi wa'adi.

Direban katafilar wani Balarabe ne mai gashin baki, ban san ƙasarsu ba, ban kuma san sunansa ba har yau. Ya sauko ya tambayi Ammi Salihu abin da ake ciki. Suka yi magana ƙasa-ƙasa. Sai ya koma ya kashe injin, ya buɗe murfinsa, ya leƙa ciki, ya girgiza kai.

"Ta yi zafi," in ji shi. "In na matsa mata za ta ƙone."

Mai kula da aiki ya ce ai yanzun nan lafiyarta ƙalau. Direba ya ce, "Kai ne direban ko ni?" Ya je ya zauna a inuwar da ta rage. Mai shayi, wanda aka rushe tasa ƙofar ɗazu, ya kawo masa shayi. Ya shanye aka ƙara. Bala ya rantse mutumin nan ya sha abin da zai ishi ayari, yana sha yana satar kallonmu.

Ana kiran la'asar dutsen ya motsa. Muka zare shi kamar haƙori, muka naɗe da jiƙaƙƙen buhu, muka sa a zambil, muka zura da igiya. Sakka suka tara hannu suka karɓa. Muna sauka na ji injin ya tashi. Ban waiwaya ba. Ƙarar faɗuwar Ƙofar Awaki a bayana na ji ta.

Inna Delu tana zaune a tsakar gida. Na ajiye a gabanta na buɗe buhun. Ta lalubo gefen dutsen, ta bi santsin nurar, har yatsunta suka faɗa cikin gurbin. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Da ta zo inda ƙaramin ya kamata ya kasance ta tarar da wurin a shafe, sai ta tsaya. Sannan ta shimfiɗa tafinta a ciki. Nata bai cika shi ba.

"Sanyi ƙalau," in ji ta. "Haka yake dawo mini da shi kullum."

Matata ta kawo tsumma mai kyau za ta naɗe a sa a akwati. Na ce a'a, in ya bushe zai tsage kamar sauran. Inna ta ce a kai shi ƙarƙashin randa. Randarmu a kan ƙafafun katako take, gindinta yana ɗiga dare da rana. Na ce, "Inna, ɗigon nan zai cinye shi. Yau da gobe sai ya shafe."

Ta ce, "Na sani. A akwati ya farfashe rana ɗaya, a nan ya tafi a hankali. Kai wanne za ka zaɓar wa mutum? Sa shi, ɗan nan. Ya saba da ruwa."

Nan ya zauna har ta rasu. Kowace safiya in ta zo ɗiban ruwan alwala sai ta sunkuya ta dafa shi, kamar mai neman abin tashi. Titin da aka fitar kuwa kun san shi, kuna bi kullum, wajen da ake sayar da tayoyi nan ne Ƙofar Wanzami.

Dutsen nan da ke bayan ƙofar kicin, wanda kuke ɗora takalma a kai in kun shigo da gudu, shi ne. Yatsun sun tafi, sai ɗan kwarmin tafi ya rage, in ba an nuna maka ba ba za ka gane ba. Randa ta fashe tun tuni, shi ya sa na matsar da shi ƙarƙashin famfon tsakar gida. Saboda haka, Majid, famfon nan da kake cewa yana ɗiga, na ji shi tun kafin ka ji. Kada ka kira kowa.